Saje Lukuman da Garin da Suka Baro

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan Rajab, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran yayana Saje Lukuman, tsohon soja kuma manomi, a gidansa da ke Dugabau ta ƙaramar hukumar Kabo. Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi tun kaka. Ni ce Ikilima, ƙanwarsa da ke aure a Gwarzo.

Yaya, kai ka riƙe ni bayan rasuwar Baba. Kai ka tsaya na gama sakandare, ka kuma yi mini gara irin wadda uba yake yi. Ko da kake bariki, ba a taɓa yin sallah ban ɗaura atamfarka ba. A lokacin kai mai dariya ne, ana jiyo ka tun daga zaure. Tafiya guda ce ta raba ka da dariyar nan.

An tura ku aikin kiyaye zaman lafiya wata ƙasa da yaƙi ya ɗaiɗaita, aka ba ku gadin wani ƙaramin gari. Ka ce mutanen manoman gero ne kamarmu, ba ka jin yarensu amma sahu ɗaya kuke bi a masallaci. Limaminsu yakan aiko maka da nono. Sai wa'adin aikinku ya ƙare, aka kai maganar sabunta shi gaban majalisar da ta turo ku. Can manyan ƙasashe suka sami saɓani a kan wata rigimarsu da ba ta shafi garin ba, ɗaya ta hau kujerar na-ƙi. Aka ce ku tattara.

Sau ɗaya ka ba ni labarin ranar, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ka ce limamin ya dafa ƙofar motarku ya tambaya ta bakin tafinta, "Wa ya ce ku tafi? A nuna mini shi, in roƙe shi." Kai ma ba ka taɓa ganin mai umarnin ba. Ba ku kai ga hawa jirgi ba aka ƙone garin. Majalisar ta yi Allah wadai da kakkausar murya. Ka dube ni ka ce, "Ikilima, naman watanda suke yi da duniya, ba a kuwa shawara da saniya."

Da ka yi ritaya ka dawo gona. Shekarun nan da mahara suka matsa wa ƙauyukan da ke yamma da mu, mutane suka fara shigowa da tabarmi da tukwane a ka, kai ne farkon wanda ya buɗe ƙofa. Ka ba su zaurenka da ɗakunan baya, ka yanka musu gona a gefen taka. Matarka, Yaya Marka, ta gaya mini rumbu ya kusa ƙarewa tun kafin bazara, da ta yi maka magana ka ce, "Na taɓa tafiya na bar mutane a tsaye. Ba zan ƙara ba."

Zuwana na ƙarshe na same ka jingine da bango, rediyo a gefenka. Ana labarin wani sabon yaƙi da taron da aka tashi baram-baram. Ka kashe ta. Ka ce, "Da can manyan ƙasashe suna jin nauyin juna, ko ƙarya za su yi sai sun nemi hujja. Yanzu sun daina nema. Makaman da suke zubawa a waɗancan ƙasashe ba ruɓewa suke yi ba, hannu zuwa hannu suke tafiya, har su iso inda ba a zata ba. Ki gaya wa yara su san maƙwabtansu." Na ce, "Haba Yaya, Allah zai kiyaye." Ka ce, "Amin," ka daɗe kana kallon hanyar yamma.

Ranar jana'izarka baƙinka ne suka yi rububin ɗaukar makara. Maza suna dawowa daga maƙabarta suka tarar da wasu iyalai a ƙofar gida da kayansu, sun yini suna tafiya, suna tambayar gidan Saje. An ce musu idan sun iso nan sun tsira. Ɗanka Taufiq ya shimfiɗa musu tabarma a wurin zaman makoki. Da suka faɗi sunan ƙauyensu, ashe kasuwa ɗaya muke ci da su.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Yaya Marka, da Taufiq, da 'yarka Sa'ada, da jama'ar Dugabau, da baƙin da ka bari a zaure. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya tsare mu daga abin da ka hango. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.