Ƙanƙara da Irin Burukutun Mama Rifkatu

Shekarar kullen korona ba ta fita raina. Ina aiki a wani ɗakin sanyi da ake ajiye kifi a Makera, ni ne mai kula da janareta. Aikin shi ne idan an ɗauke wuta ka tayar da inji, kada kifi ya saki. Da aka hana fita, oga ya kira ni a waya. "Malam Idi, kai za ka zauna a wurin. Kada ka buɗe wa kowa."

Iyalina suna ƙetaren kogi. Azumi ya same ni ni kaɗai, daga ƙugin inji sai 'yan takarduna na ajami da nake bita.

Bayan katangarmu akwai Mama Rifkatu, 'yar Filato, mai dafa burukutu. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wata rana ta leƙo da wani ɗan tulu a hannu.

"Malam, irina zai mutu."

Ta yi mini bayani. Duk wadda ta yi dahuwa takan rage kaurin ƙasan tukunya, shi ne iri, shi ake zubawa a sabuwa ta tashi. Nata daga hannun uwarta ya fito. Yanzu babu masu sha, babu dahuwa, zafin bazara kuwa zai lalata shi. So take in saka mata a ɗakin sanyi.

Na ce, "Mama, kin san addinina. Tulun nan ba zai shiga ta hannuna ba."

"To, Liman," in ji ta, "Allah ya ba da lada." Ta sauka.

Da magariba sai ga kwanon kunu da ƙosai a kan katanga. Washegari ma haka. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuwa na riƙa shan kunun ina tuna tulunta.

Kowace safiya nakan kankare ƙanƙarar da ta taru a bangon ɗakin in zubar a kwata. Ran nan na tsaya da bokiti a hannu na daɗe. Na san tulun irinta Mama za ta sanyaya da ita, ban ruɗi kaina ba. Na yi istigfari, na ɗora bokitin a katanga. Haka muka yi ta yi kullum.

Da aka sassauta kullen, ta yi 'yar dahuwar gwaji. Da hantsi na ji muryarta.

"Liman! Ya tashi! Zo ka ji yadda yake tsuwa!"

"Daga nan ma ina ji."

"Me zan biya ka?"

"Kin riga kin biya. Ke ce ma kike bi na bashi."

Ta yi dariya har da share hawaye.

Ku da kuka shigo aikin nan, za a koya muku inji da ma'aunin sanyi. Wanda ke bayan katanga kuwa, ku za ku leƙa da kanku.