Layin Lodi da Ke Ɓacewa Duk Juma'a

Shekara shida ke nan da muka binne ƙanena Sanusi a Birnin Malam, kusa da tsohonmu. Ni direba ne. Albasa nake ɗauka daga Aliero zuwa kudu tun ban yi gemu ba. Mota ta faɗi da ni sau uku na tashi, ƙafar hagu ce kawai ba ta koma daidai ba. Shi bai taɓa riƙe sitiyari ba, zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi. Ban yi boko ba. Matar Sanusi, Rabi, wadda take malamar makaranta, ita ke rubuta wannan ina faɗa. Na ce in ta gama ta karanta mini, in ji ko ta ƙara nata.

A filin da muke lodi, layi shi ne komai. Wanda ya riga zuwa shi ke fara ɗauka. Wanda ya faɗo ƙasa sai ya kwana, albasar mai kaya tana shan rana. Da can a bango muke rubuta lambar mota da gawayi, kuma hannun riga yana goge gawayi. Na ga an fasa wa mutum baki a kan wannan. Ni ma na fasa.

Sanusi ya karanci kwamfuta, yana da ɗan shago a Jega. Shi ya ce zai mayar mana da layin cikin waya. Ka shigo fili da motarka, ka buɗe shafin, ka danna wani koren maɓalli, lambarka ta shiga ƙarƙashin ta wanda ya riga ka. Kowa na gani. Mai ƙaramar waya sakataren ƙungiyarmu ya danna masa. Kullum da safe a fara sabon layi, kamar yadda muka saba wanke bango.

Na tambaye shi ina layin zai zauna. Ya ce ba a wayarmu ba, ba a kwamfutarsa ba. A wata na'ura ce ta wani kamfani a ƙasar waje, sabar ake ce mata, sun ba shi lungu kyauta. Na ce ban yarda da ɗakin ajiyar da ban ga ƙofarsa ba, ban kuma yarda da kyautar wanda bai san ni ba. Ya yi dariya ya ce ai ni ko ruwan randar gidana sai na sansana.

Tun ranar farko abin ya nuna hali. A kwamfutarsa yana tafiya sumul. Da ya ɗora shi can muka buɗe, sai farin shafi da Turanci layi ɗaya. A ranar direbobi suka laƙaba masa Injiniya, ba don girmamawa ba. Kwana uku yana fama. Na leƙa shagon ya nuna mini wani dogon rubutu, ya ce na'urar tana rubuta duk abin da ya same ta, kamar mara lafiya mai faɗin inda ke masa ciwo. A nan ya gano akwai kayan haɗin da suka daɗe a kwamfutarsa, ya manta bai sa su cikin jerin abin da za a kai can ba. Na ce wato ka tura mota ka bar batir a gida. Ya ce kusan haka. Ya gyara, muka fara aiki da shi ranar Asabar. Kwana shida babu wanda ya zagi wani a kan layi.

Ranar Juma'a muka dawo daga masallaci, layi fayau. Duk motocin da suka shiga tun safe sun ɓace. Kowa ya hau danna waya, ni na fito na ɗaya. Dalili kuwa ƙafata ce. Ba na iya naɗe ta, don haka a sahun waje nake salla, bakin hanya, ana sallamewa na riga kowa fita. Juma'a ta biyu aka maimaita, ni ne kuma na ɗaya. Ta uku Mamman ɗan Sabiyal ya zo na ɗaya, ina biye da shi.

Mamman mutum ne mai baki. A gaban kowa ya ce, “Wanga layin gidanku ne. Ƙane na gogewa, wa na hawa.”

Na cafki kwalarsa, aka raba mu. Ciyaman ɗinmu ya yanke magana: in layi ya sake ɓacewa ba tare da an san dalili ba, a koma bango, Sanusi kada ya ƙara taka filin, ni kuma in nemi wani wurin lodi har kakar albasa ta wuce. Lodin bai dame ni kamar sunan ba. An riga an fara ce wa Sanusi ɓarawon layi a tashar Jega, inda yake bi kullum ya je shago.

Babu wanda ban zarga ba. Na zargi Mamman, na ce ya samo wanda ya san waya, ya bar ni na hau sau biyu don a ɗora mana. Na zargi sakatare. Na zargi masu na'urar, na ce wa ya san abin da suke yi da lambobin motocinmu. Da na gama da kowa, sai ya rage mutum ɗaya.

Ranar Asabar bayan la'asar muka haɗu a zauren tsohuwarmu. An kawo tuwo ba mu sa hannu ba. Na ce, “Sanusi, tsakaninka da Allah, kai ne kake gogewa don in hau?”

Ya ture kwanon tuwon gefe. Sannan ya ce, “Yaya, har da kai?”

Ya sa takalminsa ya nufi bakin titi. Tsohuwa ta leƙo ta tambayi abin da ya faru, na ce aiki ya kira shi.

Ranar Litinin ya zo filin da kwamfutarsa, ya zauna a bencin Inna Kulu mai tuwo, mutuniyar Sarandosa da ta fi yawancinmu daɗewa a wurin. Ya ce ya karanta rubutun na'urar daga farko har ƙarshe. Babu baƙon hannun da ya shiga. Amma akwai layi ɗaya mai maimaita kansa kowace safiya, da kuma kowace Juma'a bayan salla, mai nuna cewa na'urar ta farka. Ashe lungun kyautar nan, in aka yi kamar rabin awa babu wanda ya taɓa shafin, barci yake yi. In ya farka kuma yana tashi ne yadda aka fara ɗora shi, duk abin da aka rubuta daga baya ya tafi. Kullum yana yi kafin gari ya waye, ba mu lura ba don dama sabon layi muke farawa. Sauran ranaku direba ba ya barin waya ta huta, salla ma rukuni-rukuni muke yi. Juma'a ce kaɗai muke tashi gaba ɗaya mu bar fili. Ya ce laifinsa ne, ya ajiye layin a inda ba a ajiya, don a kwamfutarsa abin ba ya mantuwa.

Mamman ya ce, “Wato ita ma gyangyaɗin huɗuba takai? To mun ji, Injiniya. Mi za mu gani da ido?”

Aka yi dariya. Babu wanda ya yarda. Ni ma ban yarda ba.

Sanusi ya roƙi Inna Kulu aron daro. Ya ce gobe Talata da hantsi kowa ya danna lambarsa, sannan a zuba wayoyi duka a ciki, awa ɗaya kada a taɓa. Mamman ya ce sai an kulle kwamfutar Sanusi da wayarsa a gaban motarsa, makulli a aljihunsa, shi kuma Sanusi ya zauna a tsakiya ana ganin hannuwansa. Ya yarda. Ni na ce to Mamman ma ya zazzage aljihu. Aka sami waya ta biyu a aljihun ciki. Ya ce ta uwargida ce ya kawo caji. Ta shiga daro.

Ban taɓa ganin awa mai tsawon wannan ba. Ƙarti sun fi ashirin a inuwa ɗaya, babu mai abin dannawa, kowa na kallon hannun ɗan'uwansa. Waya ta yi ƙara a daro, mai ita ya zabura, Inna Kulu ta ɗaga masa muciya ya koma ya zauna. Da lokaci ya cika sakatare ya ɗauki tasa ya buɗe. Layi fayau, ranar Talata.

Mamman ya ce ai yana iya yiwuwa an bar wani a Jega yana gogewa. Sanusi bai yi fushi ba, ya ce magana ce mai kama hankali, don haka a gwada ta ɗaya gefen. Ranar Juma'a a bar wa Inna Kulu waya, tunda Juma'a ba ta wajaba a kanta ba, ta riƙa taɓa shafin jifa-jifa kada ya yi barci. Ta ce ta yarda, amma wanda ya dawo ya tarar da miyar kuka a kan gilashi kada ya yi mata magana. Muka tafi masallaci. Aka sallame na riga kowa fita kamar kullum, na buɗe waya. Lambata na nan ta tara, inda na bar ta.

A yammacin ranar Sanusi ya mayar da layin wata ma'ajiya ta daban wadda ba ta mantuwa ko na'urar ta yi barci. Aikin bai kai tsakanin la'asar da magariba ba. Daga baya na ji ashe tun Litinin ya san gyaran. Ya ƙi yi ne, don in layi ya daina ɓacewa shiru, za a ce ɓarawo ne ya ji tsoro ya daina.

Mamman ya ɗauki buhun albasa ya kai masa shago, ya ba shi haƙuri a gaban mutane. Ni ban je ba. Na ce ai ƙanena ne, ya sani. Muka ci gaba da gaisawa, yana ce mini Yaya kamar da, yana tambayar ƙafa. Wata takwas bayan haka ya kwanta.

Yanzu komai ya koma danna nan, danna can. Kwanan baya wasu masu fararen riguna suka zo filin da sabon abu, wai zai nuna wa mai kaya inda motarka take ko kana bayan gari. Baki gare su kamar ruwa. Na zauna ina tunanin abin da Sanusi zai yi da su. Ba zai kore su ba, shi ba ni ba ne. Zai tambaye su ina suke ajiye abin da muka rubuta, me ke faruwa in na'urarsu ta mutu ta tashi, kuma wa ke iya karanta rubutun da take yi. Ni na yi musu tambayoyin a madadinsa. Suka kalli juna, suka ce za su dawo. Ba su dawo ba. Layinmu kuwa wani abokin aikinsa daga Maiyama ke kula da shi yanzu. Na faɗa masa a fuska ban yarda da shi ba. Ya ce Sanusi ya riga ya gaya masa haka zan ce.

Abin da ya rage nasa ba shi da yawa. 'Ya'ya biyu, da shafi mai kore ɗaya. Sai kuma wata magana da ta zauna a filin: in gardama ta tashi har an fara nuna yatsa, wani zai ce a kawo daro. Sababbin direbobi ba su san asalinta ba, amma sun san nufinta, a gwada kafin a kira mutum ɓarawo. Ni da na fi kowa sanin asalinta, ban gwada ba kafin in tambaye shi.

Da muka zo nan a labarin na tambayi Rabi ko ya taɓa faɗa mata abin da na ce masa a zaure. Ta ce a'a, yau ta fara ji. Ban yarda ba, amma ban matsa ba.

Har yau a sahun waje nake Juma'a. Ana sallamewa nakan ciro waya in duba ko lambata na nan. Tun ranar da ya gyara ba ta taɓa ɓacewa ba, ko sau ɗaya. Duk da haka sai na duba. In na gan ta, sai in ce Allah ya jiƙanka Sanusi, ba kai ba ne. Da yana raye ya kamata ya ji wannan daga bakina.