Butar Yusha'u a Layin Caji

In ka shigo unguwar Sabo a Ibadan ka ce Yusha'u kake nema, sai an tambaye ka wanne, domin muna da su kusan bakwai. Amma ka ce Yusha'u Buta, mai goron bakin masallaci ma zai nuna maka ƙofar gidansa, ya kuma ba ka shawara ka yi sallama daga nesa.

Wata Talata ce ta ja masa sunan. Ya ɗauko kwando shida na tumatir da buhun albasa daga Kasuwar Shasha a kekensa mai ƙafa uku mai lantarki, kayan Inno mai tuwo, wadda shekara takwas ke nan shi yake yi mata dako. Batir ya yi ƙasa, sai ya ratse wajen caji da ke bayan wani tsohon gidan mai, tsakanin Ojoo da Sango. Na'ura ɗaya ce ke aiki a wurin, kuma akwai mota a kanta. Aka kira Azahar. Yusha'u ya yi abin da duk ɗan Sabo ya tashi ya ga ana yi a bakin famfo: ya yi alwala, ya dire butarsa a gindin na'urar ta kama masa layi, ya tafi masallaci. Da ya dawo, motar ta tafi, butar na nan inda ya bar ta, igiyar caji kuwa tana jikin keken Maharazu.

Maharazu ɗan layinsu ne, Yusha'u ya girme shi da shekara goma da wani abu. Laifinsa na farko shi ne ya sayi keke irin na Yusha'u sak, har launi, sati biyu bayan Yusha'u ya sayi nasa. Tun ranar ba su ƙara shan shayi a benci ɗaya ba.

"Kai! Ba ka ga buta ba?"

"Na gan ta, Yaya Yusha'u. Har gaishe ta na yi, ba ta amsa ba."

"Cire igiyar nan."

"Tun ina Ojoo na kama layi a waya. Ga Morufu nan, tambaye shi."

Morufu shi ne mai kula da wurin, Bayarabe mai sanyin hali wanda ya koyi Hausarsa a Shasha. Ya taso yana murza hannu. "Alaaji, e jo, don Allah, na'ura ba ta san buta ba. Waya ta sani."

Yusha'u ya kama igiyar da hannu biyu ya fizga. Ta ƙi, domin in ta fara ba da wuta kullewa take yi. Ya zagi na'urar, ya zagi kamfanin da ya kafa ta, ya tuna wa Maharazu cewa ubansa a saman buhunan goro ya shigo Ibadan. Daga nan ya hau keke a fusace, da kashi tara a batir, ya ce ko wutar kyauta ce ba ya so. A hawan Mokola keken ya yi shiru, irin shirun da ya sha yi mana alfahari da shi, sai dai wannan karon babu tafiya. Ɗanliti mai keken fetur ne ya ja shi da igiyar shanu, kuma Allah ya sani akwai hanya ta kusa, amma ta gaban majalisarmu ya biyo da shi, a hankali, yana danna hon.

Tumatir ya sha rana ya yi ruwa. Inno ta leƙa kwandunan ɗaya bayan ɗaya, ta goge hannu a zani.

"Yusha'u, ni tuwo nake sayarwa, ba uzuri ba. Ka sake yi mini haka sau ɗaya, shi ke nan. Maharazu ya aiko ya ce a shirye yake."

Wanda bai san Yusha'u ba zai ce ai dako ne kawai, wani ya tafi wani ya zo. Amma kayan Inno su ne tuwon gidansa. Sawu ɗaya kullum, babu fashi sai ranar sallah, da shi yake cefane, da shi 'ya'yansa mata uku suke makaranta. Sauran abin da ya samu a titi ƙari ne.

A nan Sabo aka haife shi, mahaifinsa ɗan Kura ne da fataucin goro ya kawo. Ya yi yaron mota a tirelar shanu, ya yi lodin tumatir, sannan ya yi shekara goma sha biyu yana jan Maruwa, kamar yadda ake kiran keke a garin nan. Duk inda ya zauna ya bar tarihin faɗa. Ni maƙwabcinsa ne tun muna samari, kuma zan shaide shi da abu biyu: bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, bai kuma taɓa barin kowa ya gama magana ba. Shekarar da aka cire tallafin mai, ya yi wuni biyu a layin gidan mai, a rana ta uku ya fito daga layin, ya tsaya a gaban 'yan'uwansa direbobi ya ce duk wanda ya sake ganinsa da fetur ya tofa masa yawu. Ya sayar da Maruwarsa da ragunan matarsa biyu, da izininta in ji shi, ya sayo mai lantarki. Wata guda yana wuce layin mai a hankali yana ɗaga musu hannu. Shi ya sa Ɗanliti bai yi saurin kai shi gida ba.

Abin da mai sayarwa bai gaya masa ba shi ne inda zai riƙa samun wutar. In NEPA ta kawo, yakan jona a gida, amma wutar Sabo baƙuwa ce, ba ta faɗin ranar zuwa. Sai ya shiga yawon nema. Ya ji labarin wani babban kanti da ke da na'ura, ya je, masu gadi suka ce ba a shiga da keke. Ya ce to na'urar ta jirgin sama ce? Suka rufe ƙofa. Aka kwatanta masa wani bakanike a Mokola mai faifan sola a kan rufi, ya tarar cajin mutumin sai rana ta fito sosai, a garin da hadari ke haɗuwa kafin ka gama ɗaura hula. Wani wurin kuma, bayan ya yi tafiyar da ta cinye masa rabin batir, ya tarar bakin igiyarsu bai dace da na kekensa ba. Saura wajen Morufu kaɗai.

Can ma ba a shirya ba. Ƙa'idar wurin ita ce ka zuba kuɗi a manhajar kamfanin da ke cikin babbar waya, ka kama layi daga duk inda kake, ka zo ka nuna wa na'ura wayar ta buɗe. Wanda ba shi da babbar waya sai ya ba Morufu tsabar kuɗi, shi kuma ya buɗe masa da katin ma'aikata, amma fa sai in babu mai waya a layi. Wayar Yusha'u 'yar ƙarama ce mai tocila, an ɗaure bayanta da roba. Ranar farko da Morufu ya faɗa masa farashi, tayawa ya yi rabi, kamar mai cinikin albasa. Da aka gama cajin ya ce a yi masa gyara, ko kashi biyu ne. Morufu ya ce na'ura ba ta gyara. Yusha'u ya ce to ba ta da albarka, ita da mai ita.

Kowa ya zaci abin da ya faru a Mokola zai sa ya sayi waya. Matarsa ta yi magana, ni ma na yi. Washegari ya koma wajen cajin da guntun igiyar da Ɗanliti ya ja shi da ita, ya ɗaure butar a ƙarfen da ke gefen na'urar, ƙulli uku irin na 'yan tirela.

"Wannan layina ne," ya gaya wa Morufu. "Duk wanda ya taɓa ta, ni da shi ne."

Ta zauna a wurin sati biyar. Masu motoci suna ɗaukar hotonta. Maharazu in ya zo sai ya rusuna ya ce mata, "Hajiya, an wuni lafiya? Ya jiran layi?" Shi kuwa Yusha'u kullum sai ya jira masu waya sun gama, yana zaune a keke yana hararar kowa, buta ba ta tsinana masa komai ba.

Sai ga wata Asabar da Inno ta karɓi girkin suna na mutum ɗari biyu, ta ce kaya su iso kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Taransifomar layinmu kuwa kwana uku ke nan da ƙonewa. Yusha'u ya fita da safe da kashi goma sha huɗu, abin da zai kai shi wajen Morufu da ƙyar, ba zai kai shi Shasha ya dawo da kaya ba. Ya iso ya tarar da Maharazu ya riga shi, ya gyara tsayuwar kekensa a gaban na'ura, ga wata mota a bayansa.

"Yaya Yusha'u, sannu da zuwa. Na ji Inno na da aiki yau. Kada ka damu, in na cika batir sai in wuce Shasha, dama hanyata ce."

"Hanyar gidanku ce."

"Awa ɗaya da rabi na kama. Kai kuma bayan mai motar nan kake. Ka aika buta ta sanar da Inno."

Ya ɗora wayarsa a fuskar na'urar. Ba ta buɗe ba. Ya goge ta a riga ya sake ɗorawa. Ya ɗaga ta sama, ya zagaya bayan gidan man, ya dawo. Mai motar ma ya fito yana latsa tasa yana tsaki. Morufu ya duba, ya ce tun asuba sabis ɗin kamfanin ya ɗauke, babu wayar da za ta buɗe na'ura sai an gyara daga can. Yau kowa da tsabar kuɗi, kowa da katin ma'aikata, wanda ya riga zuwa shi ne farko.

"To ai shi ke nan," in ji Maharazu. "Ni na riga kowa."

"Ƙarya kake," in ji Yusha'u, ya nuna ƙarfen. "Sati biyar."

"Buta mutum ce?"

"Wayarka mutum ce? Ranar nan kana Ojoo ta kama maka layi, ban ji ka ce ba mutum ba ce."

Suka yi kan Morufu su biyu, kowa na ɗaga murya, mai motar na ta magana da Yarabanci ba mai sauraronsa. Maharazu ya ce zai kai ƙara kamfani. Yusha'u ya ce ya kai, in ya samu sabis. Morufu ya daɗe yana kallon butar. Abin da ba wanda ya sani sai ranar shi ne, tun da aka ɗaure ta, da ita yake alwala sau uku a rana. Tasa ta fashe, igiyar kuma tana da tsawon da za ta kai bakin kwata.

"Maharazu, ma binu, kada ka yi fushi," ya ce. "Na yi salla da ruwan butar nan sau fiye da ɗari. Ba zan iya cewa ban gan ta ba." Ya juya. "Oya, Alaaji. Minti arba'in kawai."

Maharazu ya janye kekensa yana cewa wannan zalunci ne, wurin nan ya zama bakin rijiya. Yusha'u bai ce wa Morufu na gode ba. Ya ƙirga kuɗin ya miƙa, ya tsaya riƙe da ƙugu yana kallon lambobi na hawa, da minti arba'in suka cika kuma ya nemi gyara. Aka hana shi.

Sha ɗaya saura kwata ya tsaya a ƙofar Inno. Ta buɗe kwanduna, ta matsa tumatir biyu, ta ce attaruhun bai kai na jiya kyau ba, gobe ya buɗe ido. Wanda ya san Inno ya san an bar masa aikinsa ke nan. Har yau shi yake kawo mata kaya, har yau shi da Maharazu ba sa gaisawa, kuma har yau in sabis na nan, sai ya jira masu waya sun gama.

Rannan, bayan 'yan watanni, na same shi a ƙofar gida yana wanke keke da wata sabuwar buta, shuɗiya. Na ce, "Yusha'u, yanzu dai ka sayi waya ka huta. Ko sai an yi wa Hajiyar taka katin ma'aikata tukuna? Na ji an ce har fansho za a ba ta."

Bai ɗago ba. Ya matse tsumma, ya ce, "Malam, wata biyar ke nan tana can, rana a kanta, ruwa a kanta. Ka taɓa jin ta ce babu sabis? Matsa, kana tsaye a kan ruwana."