Ranar da Na Sabunta Kwamfutar Kawu

Ni na sa wa Kawu Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a tsohuwar kwamfutarsa, don haka duk abin da ya same ta ni ake nema. Ƙanen mahaifiyata ne, tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya ya koma gida Roni. Ni kuwa ina koyar da kwamfuta a Kazaure, kuma lokacin kaina ya kumbura ƙwarai. Na haddace 'yan umarni goma, ina jin kamar ni na ƙera na'urar.

Abu ɗaya Kawu yake yi da ita, rubuta asalin danginmu. Shekara da shekaru yana hawa babur zuwa Gwiwa da Babura, yana zama gaban tsofaffi yana tambayar wa ya haifi wa, wa ya taso daga gabas. Gara ta taɓa cinye masa littafi guda, tun daga nan ya daina yarda da takarda. In ya kwafe a kwamfuta sai ya ƙone takardun, don akwai sunan Allah a ciki, kada a taka.

Wata Juma'a na je gaishe shi, na ga manhajar ta tsufa. Ba wanda ya sa ni. Na buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, na sa apt, wato abin da ke sauko da sababbin manhajoji ya ɗora su a madadin tsofaffi. Zuciyata ta ce in fara kwafe rubutun Kawu a wani wuri. Na ce kai, sau nawa na yi wannan aikin?

Ta gama saukewa ta fara ɗorawa ke nan, aka kira salla. Kawu ya fito da babbar riga.

"Ɗana, kashe ta mu tafi, kada mu rasa sahu."

Na san ba a katse ta a wannan gaɓar. Amma a gidanmu ba a ce wa Kawu ya jira. Ina ta in'ina, ya sa babban yatsa ya danne maɓallin har ta mutu, yadda ya saba.

Da muka dawo ta ƙi tashi. Gaskiyar magana, gyaran ba wuya. Umarni ɗaya ne zai ƙarasa abin da aka bari rabi da rabi, da na natsu na nema. To, abokan Kawu biyu sun biyo mu cin abinci, suna tsaye a kaina, an riga an gaya musu ni gwani ne. Kunya ta rufe ni. Na zaro filashin da ke aljihuna mai ɗauke da manhajar, na sake sa Linux ɗin daga farko, ina danna eh, eh, ban tsaya karantawa ba. Ɗaya daga cikin tambayoyin da na amsa da eh ita ce ko a share duk abin da ke cikin kwamfutar.

Ta tashi fes. Kawu ya gyara tabarau ya duba, ya sake dubawa.

"Ina sunayen?"

Can ya ce, "Kashewar da na yi ce, ko?"

Na ce, "To, Kawu, dama ba a kashe ta tana cikin aiki."

Ban yi ƙarya ba, amma wallahi da ƙarya na yi da ta fi mini sauƙi. Ya ma ba ni haƙuri, wai ya ɓata mini wahala.

Ya koma hawa babur, sai dai yawancin tsofaffin sun rasu. Bayan wata biyu ya kira ni a waya. Ya je Gwiwa ya tarar an yi bakwai ɗin tsohuwar da ta faɗa masa sunan kakar kakarmu, shi kuma sunan ya ɓace masa.

"Ɗana, kai da kake yawan taɓa kwamfutar, ko ka tuna?"

Ban taɓa buɗe rubutun ba, ko sau ɗaya. Na ce masa na manta.

Ya ce, "Ba komai, Allah ya yi maka albarka. Ai kai ka yi iya ƙoƙarinka."

Na ce amin.