Gaisuwar Kawu a Fim ɗin Bature

Ina tuƙi a wani kamfanin hayar motoci a unguwar Al Karama ta Dubai aka haɗa ni da wani tsohon Bature ɗan Ingila mai shirya fim. Shi ke rubuta labarin, shi ke ba da umarni. A mota bakinsa ba ya hutawa. Ya ce da dafa wa masu kyamara shayi ya fara a Landan, ya yi ta rubuta labarai ana dawo masa da su, sai da furfura ta fito aka fara saye. Wannan fim ne na ƙarshe, in ji shi, gwiwoyi sun gaji.

Ran nan ya ce yana neman mutanen da za su cika masa kasuwa a wani ɗauka da zai yi a Deira. Na kwaso 'yan ɗakinmu na Hor Al Anz kaf, har da Kawu, ƙanen mahaifiyata mai harkar kago, wato aika kaya ƙasashen waje, wanda ya kawo ni Dubai.

Aikin ba wuya. In taho ta nan, Kawu ta can, mu wuce kamar ba mu san juna ba. Ina isa gabansa na ji na rusuna.

"Kawu, ina wuni?"

Shi kuwa ya tsaya ya amsa, har da tambayar gajiya. Aka sake ɗauka, na sake gaishe shi. Balaraben da ke kula da direbobi ya ja ni gefe.

"Khalas, habibi, ya isa haka. Ka ƙara ɓata musu, ajiye makulli."

Bizata kuwa a hannun kamfanin take.

"Wuce ni kawai, ɗan nan, na yafe," in ji Kawu.

Na ɗaure fuska, na taho, na wuce shi. Sai ga muryar Kawu a bayana: "Kai! Ba gaisuwa?"

Baturen ya yi dariya har da hawaye. Ya zaro biro ya soke abin da ya rubuta, ya ce a bar mu mu gaisa yadda muka saba. Daɗi kamar ya kashe ni.

Da faifan fim ɗin ya iso, ihun da muka yi sai da maƙwabta suka leƙo. Kawu ya daɗe da rasuwa yanzu. In kewarsa ta dame ni sai in saka faifan, in ce masa ina wuni, ya tsaya ya amsa mini.