Randar Yaya da Gurbin Injin Wanki

A duk garuruwan da tuƙin babbar mota ya kai ni, daga Kumasi har Omdurman, ban taɓa ganin wanda ya ɗinka riga sannan ya fita neman jikin da za ta shiga ba. Sai da na ajiye aiki na dawo gida Birnin Kudu, gemu ya yi fari, sannan ɗan yayata ya nuna mini ana yi.

Yayar tawa tana zaune a wani ƙauye ta wajen Maruta, a ƙasar Gwaram. Mijinta ya rasu da daɗewa. Ɗanta na fari yana aikin ofis a Abuja, kuma da Allah ya buɗa masa sai ya ce zai rushe mata tsohon ɗakin ƙasa ya gina na bulo. Wannan kam ya kyauta, na kuma faɗa masa. Abin da ya ɓata aikin shi ne wani ɗan ɗaki da aka fitar a bayan ginin, wanda faɗinsa bai fi tabarma biyu ba. Shi ne ya ce zai zama sito kuma wurin wanki, a jera masa kabad tun daga ƙasa har silin.

Mu jinin Fulani ne. Fulatancin ya tsere daga bakin yawancinmu, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Yaya ba ta taɓa kiran sunan yaron nan ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta roƙonsa ko allura. In ya durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. "Wancan" take ce masa, ko "mutumin naka". Duk abin da zai wuce tsakaninsu ta kaina yake bi, tunda ni ne kawu.

Abu ɗaya kawai ta aiko ni da shi. Tana da wata tsohuwar randa, baƙa, mai ƙaton ciki, wadda ta gada daga mahaifiyarmu. Tun ina yaro randar nan tana zaune a kan jiƙaƙƙen yashi a kusurwar ɗaki, ruwanta ko a tsakiyar bazara sai ya taɓa maka haƙori. Da aka rushe tsohon ɗaki sai aka fito da ita tsakar gida, rana na dukanta, awaki na goga mata ƙaho. Tsohuwar randa ba ta jure wannan. Yaya ta ce mini, "Alhaji, ka ce wa wancan, in da hali a bar wa randa wuri."

Na same shi a gindin darbejiya yana shafa waya. Kafin in buɗe baki ya miƙo mini ita. Hoton ɗakin wata Baturiya ne, fari fat, da tawul a naɗe kamar a asibiti.

"Kawu, ka ga tsarin. Kabad na sama, kabad na ƙasa, dogo ɗaya na tsintsiya da teburin guga. Nan tsakiya kuma gurbin injin wanki ne."

Na ce, "Madalla. Ka auna buhun gero?"

"Buhu kuma?"

"Ka auna turmi? Tukunyar daddawarta fa? Ita kanta uwar taka ka auna ta? Mace ce gajera, ga baya ya fara rusunawa."

Ya yi irin murmushin da ake yi wa tsohon da ya fara rikicewa. "Kawu, ai waɗannan awo ne na duniya. An riga an yanke su."

"Duniyar wa?"

Ya karɓi wayarsa ya ci gaba da shafawa. Na tambaye shi injin wankin da wace wuta zai yi aiki, a ƙauyen da lantarki ke zuwa kamar suruki mai jin kunya, ya leƙo ya gaishe ku ya koma. Ya ce za a sa sola. Na ce ruwan fa, da ake ɗaukowa a jarka daga burtsatse? Ya ce za a duba. Da na isar da saƙon randa sai ya yi dariya sosai.

"Haba Kawu, wa ke shan ruwan randa yanzu? Firji zan saya wa Inna."

Na zauna da mutane iri-iri, na ji bakinsu, na ci tuwonsu. A Omdurman kowace tukunyar ruwa da karagarta ta ƙarfe, maƙeri sai ya rungumi cikin tukunyar da igiya kafin ya lanƙwasa ƙarfe. A Jidda na ga kafinta ɗan Yaman ya ƙi taɓa zarto sai da maigida ya fito masa da tukwane da tire-tiren da za a ajiye, ya jera su a ƙasa ya zana alli a gefensu. Turawan da yaron nan yake kwaikwayo ma kayansu suka auna, da tsawon matansu, da abincinsu na gwangwani. Mu ne kaɗai muke ɗauko awon kayan wasu mu ce wa namu kayan su shiga ko su mutu.

Kafintan da ya ɗauko daga nan Birnin Kudu shi ma ɗan amshin shata ne. Tef a ƙugu, fensir a kunne, kalma ɗaya a baki: "Daidai ne, Yallaɓai." Da yaron zai ce a kafa kabad a rufin kwano, daidai ne zai ce. Na ja shi gefe na ce, "Kai da ka tashi da moɗa a hannu, ba ka ga babu wurin randa ba?"

Ya sosa ƙeya. "Baba Alhaji, ni abin da ke cikin hoto aka ce in fitar."

"In hoton ya nuna rijiya fa, sai ka faɗa?"

"Ai Yallaɓai ya fi mu sani, Baba."

Ya kuwa fitar da abin da ke cikin hoton, ban rage masa ba. Ranar da aka gama na shiga na duba. Kabad sun cika bango biyu suna fuskantar juna, hanyar da ta rage a tsakiya sai mutum ya bi ta a karkace. In ka buɗe murfin dama, na hagu ba zai buɗu ba, sai su yi karo kamar raguna. Ƙofar ɗakin kanta tana buɗewa rabi ta daki dogon kabad ɗin tsintsiya. Buhun gero ya shiga rabi, rabi ya tsaya a waje yana kallonmu. Na sama kuwa, ko Yaya ta kifa turmi ta hau, yatsanta ba zai taɓa mariƙin ba. An manne komai da ƙasa da bango, babu inda tsintsiya za ta shiga, wato an gina wa gara da ɓeraye gidan sama kyauta. Turmi, taɓarya, tukunyar daddawa, ƙwarya, duk suna waje. A tsakiya ga gurbin injin wanki, fanko, yana jiran injin da ba a saya ba.

Yaron ya kira abokansa suka zo suka yi ta ɗaukar hoto. Ya aiko ni in tambayi Inna ko ya yi mata. Yaya tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ka ce masa Allah ya yi albarka." Ya ji daɗi ya koma Abuja.

Ni ban tafi ba. Washegari da hantsi na ga Yaya ta ɗauko karan dawa, ta gitta shi a kan cikin randa, ta karya daidai faɗinta. Ta shiga ɗan ɗakin a karkace, ta kai karan bakin gurbin. Ya ƙi shiga. Abin da ya hana bai fi yatsu uku ba. Ta tsaya tana kallon ɗan kabad ɗin da ke gefen gurbin, ta ƙwanƙwasa shi da farce.

"Alhaji, wannan katako ne ko kwali?"

Na ce, "Dusar katako ce aka kwaɓa da gam, aka shafa mata hoda."

Ta fita ta dawo da taɓarya.

Na ce, "Yaya, ki bari in kira shi a waya mana."

"Ka kira shi ka ce me? Ka faɗa masa sau ɗaya, ya yi dariya." Ta gyara ɗaurin zane. "Ni ba zan iya yi masa magana ba. Amma ai kabad ba ɗana ba ne. Matsa."

Matar da ta yi rayuwarta tana surfe, duka biyu ta yi masa. Awon duniya ya zube kamar ƙuliƙuli. Muka kwashe ɓaraguzan, ta sa aka zuba yashi a kan tayil ɗin, ta yayyafa ruwa. Ni da matan maƙwabta muka mirgino randar a hankali, muka zare ƙofar ɗakin, muka ciccibe ta ta saman kabad ɗin ƙasa, Yaya tana gaba tana ta faɗan a bi sannu da bakin randar. Ta zauna daram, da sarari a kowane gefe inda iska za ta ratsa.

Da Sallah yaron ya zo. Bazara ce, ana zafi, an kwana biyu ba wuta, firjin da ya saya yana tsaye a falo an ɗora masa kwanuka. Ya leƙa sito, ya fito fuska a murtuke, ya same ni a zaure.

"Kawu, wa ya fasa mini kabad?"

Na ce, "Ga uwarka can, je ka tambaye ta."

Ya tafi da saurinsa. Ina biye da shi. Da ya isa bakin ƙofarta sai saurin ya ƙare, ya durƙusa ya ce, "Inna, ina wuni." Ta amsa wa bango. Ya sake gaishe ta. Kunyar da ta hana ta roƙonsa ita ce ta ɗaure masa harshe. Gumi yana ta zubo masa har cikin kwalar shaddarsa.

Yaya ta ce, "Alhaji, ba wa baƙon naka ruwa."

Na shiga a karkace, na ɗaga faifai, na cika moɗa. Ya shanye ya miƙo mini, na ƙara masa. Bai ce ya yi sanyi ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Kabad ɗin sama har yau ba wanda ya buɗe su tun ranar da kafinta ya rufe. Ɗaya daga cikin na ƙasa murfinsa ya cire, wata kaza tana ƙwai a ciki. Maganar injin wanki kuma ban sake jin ta ba.