Malama Harira Mai Gasa Gishiri

Shekara talatin da ɗaya ke nan, bakwai na safe ba ta yi sai Malama Harira ta sauka daga motar Kawo, ta buɗe ɗan ɗakinta a bayan sashen ɗaukar hoto na asibitinmu. Aikinta tattara bajojin da ma'aikata ke maƙalawa a ƙirji. Cikin kowane baji akwai ƙwayar wani irin gishiri, kamar ƙwayar shinkafa. Idan hasken injin hoto ya ratsa ta, yakan bar mata tabo a ciki, wanda ido ba ya gani. Malama sai ta gasa ƙwayar a na'ura, tabon ya fita da ɗan ƙyalli, ta auna ta san yawan hasken da jikin mai bajin ya sha. Sau ɗaya ake gasawa. Tabo in ya fita, ya fita ke nan.

Akwai baji guda da ake ratayewa a ofishin kati don gwaji, bai kamata ya nuna komai ba. Ran nan, shekara ashirin da suka wuce, ya nuna, ba kaɗan ba. A jikin bangon da ya raba ofishin da ɗakin hoto kuwa Hadiza mai ba da kati take jingina kujerarta, ga ta da cikin wata huɗu.

Malama ta sami shugaban sashe. "Ranka ya daɗe, hasken nan yana ratsa bango."

"Sake gasawa mu gani."

"Ba ya sakuwa. Sai sabon baji ya yi wata uku."

"To, mu jira."

Muka yi ta dariya, har da ni: mai gasa gishiri ta ga aljani a bango! Ita dai ba ta jira ba. Ta ɗauki kujerar Hadiza da hannunta ta kai baranda, ta ce, "'Yata, nan za ki zauna, ko da za a kore ni." Takardar gargaɗi aka ba Malama, ƙarin girman shekarar ya wuce ta, bai sake waiwayo ta ba.

Bayan wata uku sabon baji ya maimaita maganarta. Aka lulluɓe bangon da dalma mai tare hasken shiru-shiru, ba wanda ya je ya ba ta haƙuri. Wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Malama, ke ce kika tsaya ke kaɗai ranar da muke dariya. Juma'ar nan za ki ajiye aiki, Yasmin, 'yar da Hadiza ke ɗauke da cikinta a lokacin, kuma tana aji biyu a jami'a, lafiyarta ƙalau. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa, in kun ga cuta ta doso wani, ku janye shi tukuna, a yi gardamar daga baya. Mu kuwa da muka makara shekara ashirin, ki yafe mana.